Kifin da Sanda Ba Ya Ci

Ranar da maganar ta fara fitowa fili, Nafisat na zaune a ƙofar gida tana juya tarwaɗa a cikin kasko. Duk mutanen layin nan na Rafin Guza sun san da zarar an sallame la'asar, ƙamshin suyarta zai bi mutum har ɗaki. Mijinta Sanda ne ke kawo kifin daga wani tafki da ke bayan ƙauyensu. Ita kuma ta wanke, ta sa gishiri da yaji, ta soya. Da wannan sana'a suke ci, da ita aka sa 'yarsu Zahra'u a makaranta.

Maƙwabciyarta Safara'u ta zo da kwano, amma ba ta miƙa ba. Ta tsaya tana kallon kaskon kamar yau ta fara ganinsa.

"Maman Zahra'u, wai gaskiya ne abin da nake ji? An ce a tafkin nan naku masu haƙar zinare ke wanke ƙasa. Wai ruwan ya lalace, kifin ma guba ne."

Matan da ke jiran a sallame su suka juyo suna kallon Nafisat. Ana cikin haka sai ga Sanda ya iso a kan babur. Ya ji ƙarshen maganar. Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya kafe babur, ya ɗauko Zahra'u da ke wasa da marfin kwalba a bakin zaure, ya ɗora ta a cinya. Ya gutsuro tsoka mai zafi, ya hura, ya sa mata a baki.

"Maman Fahad, dubi nan. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Guba zan ba ta? Masu kifin ƙanƙara ne ke yaɗa wannan magana, sun ga mun kwashe musu kasuwa."

Zahra'u ta haɗiye, ta miƙo hannu tana neman ƙari. Mata suka yi dariya. Safara'u ta ji kunya, ta miƙa kwanonta.

Daga ranar Sanda ya kafa doka. Kullum da yamma a yi wa Zahra'u wanka, a sa mata riga mai kyau, a zaunar da ita a benci kusa da kasko da farantinta a gaba. Duk mai shakka ya gani da idonsa. Nafisat ba ta ga aibun haka ba. Yarinyar na son kifi kamar me, ga ta 'yar shekara huɗu mai surutun aku, tana gaishe da masu saye da sunayensu, tana yi musu karatun da aka biya musu a islamiyya. Miyar gidan ma da kifin ake yi, dare da rana. Sanda kuwa tasa daban ake yi masa, don ya ce olsa ta kama shi, wai mai kemis ya hana shi kifi da yaji.

Da damina ta ja, Zahra'u ta fara kukan ciki. Sai ta yi kwanaki ba ta zaga ba. In aka ba ta tuwo ta kau da kai. Nafisat ta faɗa wa Inna, mahaifiyar Sanda, wadda ɗakinta ke kusa da zaure.

"Tsutsar ciki ce," in ji Inna. "Wane yaro ne bai yi ta ba? Ku 'yan zamani, ɗa ya yi atishawa sai ku ɗora hannu a ka."

Aka sayo maganin tsutsa, ba a ga canji ba. Inna ta ce to ciwon shawara ne, aka jiƙa saiwoyi. Yarinya ta ci gaba da zubewa. Idonta ya yi fari fat, tafin hannunta kamar an wanke da toka. Mai surutu ta koma sai kallo. Abu kaɗan ta fashe da kuka, ta yi ta birgima a ƙasa har ta gaji. Malamarsu ta islamiyya ta tare Nafisat a hanya ta ce, "Lafiya Zahra'u kuwa? Fatihar da ta fi kowa iyawa, yanzu sai ta kai tsakiya ta tsaya tana kallona."

Nafisat ta samu Sanda yana wanke kulolin kifi a bakin famfo.

"Baban Zahra'u, mu kai yarinyar nan asibiti."

"Asibiti me za su yi mata? Su ce zazzaɓi ne, su rubuta abin da kemis zai ba ki."

"To ko benci a ɗaga mata. Ba ta iya zama, jiya a kan farantin ta yi barci."

"Ke ba ki san kasuwa ba. Ranar da aka zo ba a gan ta ba, ranar za a ce ga shi nan, kifi ya kwantar da ita. Ki shafa mata hoda, ki sa mata kwalli, idon zai buɗe."

Haka ta yi. Ta shafa hoda, ta ja kwalli, ta zaunar da ita, ta tokare ta da matashi. In masu saye sun tambaya ta ce zazzaɓin damina ne. Wani lokaci ita ke ɓare tsokar ta lallaɓa ta sa mata a baki, don a ganinta kifin ne kaɗai abin da yarinyar ke yarda ta haɗiya, shi zai riƙe ta.

Wata safiya tana yi mata wanka a baho, sai ta ji jikin ya sandare a hannunta. Ido ya juye, haƙora suka datse, ƙafafu suka hau jijjiga suna watsa ruwa. Nafisat ta ƙwala ihu. Inna ta fito da gudu tana salati, tana cewa a kawo cokali, a kawo hayaƙi, iska ce. Nafisat ba ta tsaya ba. Ta naɗe yarinyar da zane, ta fita ba takalmi, ta tare Keke a bakin titi.

An kwantar da su a ɗakin yara. Aka tsayar da jijjigar, aka yi ƙarin jini. Gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba. Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ta daɗe tana duba dasashin yarinyar, sannan ta ce za a aika jininta wani wuri. Da sakamako ya dawo, ta kira Nafisat da Sanda ofis.

"Akwai dalma a jinin 'yarku, kuma da yawa. Ba yau ta fara shiga ba, a hankali ta taru. Ita ta cinye mata jini, ita ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ina so mu gano ta inda take shiga. Ana fasa tsofaffin batura kusa da ku?"

Suka ce a'a.

"Kuna sa mata kwalli? Wani kwallin akwai dalma a ciki."

"Ana sa mata," Sanda ya yi caraf ya amsa. "Kullum uwarta sai ta sa mata."

"A daina. Amma kwalli kaɗai da wuya ya kai ta nan. Me ta fi ci?"

"Kifi," in ji Nafisat. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Na ina?"

Sanda ya ce na kasuwa ne. Nafisat ta juya ta dube shi, sannan ta faɗi gaskiya. Ta faɗi tafkin, ta faɗi masu zinare. Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Ƙasar da suke wankewa wani lokaci da dalma a cikinta, ga kuma sinadarin da suke kama zinaren da shi. Duk a ruwan suke ƙarewa. Kifi ya sha, ya tara a jikinsa. Wanki ba ya fitar da ita, suya ba ta kashe ta. Kada kowa ya ƙara ci. Za mu ba ta maganin da zai rage ta a jini, amma ba zan ɓoye muku ba, abin da ya riga ya lalace ba lallai ya dawo duka ba."

Da suka fito, Sanda ya yi gaba yana sauri. A bakin baranda ya tsaya ya ce, "Kin ji dai da kunnenki. Kwalli."

"Ba haka ta ce ba."

"Shi ta fara ambata. Sau nawa kike cusa wa yarinya abin nan a ido?"

"Wa ya ce in sa mata?"

Ya waiga ya ga mutane na kallonsu, ya ce zai je ya dawo.

Washegari ƙaninsa Isma'ila ya zo dubiya daga ƙauye da ledar lemo. Shi ne ke karɓo kifin a hannun masunta ya ɗoro wa Sanda a mota. Ya tsaya a kan gadon yana kallon Zahra'u, hannunta ɗaure da robar ƙarin ruwa. Ya girgiza kai.

"Anti, sak yaran garinmu. Amma ya aka yi ta samu? Ku ai ba ci kuke yi ba."

"Ba ci muke yi ba kamar yaya?"

"Kifin mana. Mu tun bara muka daina, da ma'aikatan lafiya suka zo ƙofar gidan mai gari suka yi bayani. Shi ya sa ya yi araha, ba mai saye a can. Ai Yaya na nan ranar, tare muka zauna a tabarma ɗaya. Ni na ɗauka sayarwa kawai kuke..."

Ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran maganar. Ya ajiye lemo, ya ce motarsu za ta tashi.

Nafisat ta zauna a kan kujerar roba. Tun bara. Ta tuna lokacin da olsa ta kama Sanda. Ta tuna ƙaramar tukunyar da take ɗora masa daban, tana tausaya masa, tana cewa Allah sarki, mai kawo kifi ba ya cin kifi. Ta dubi hannunta na dama, wanda take ɓare tsoka da shi. Ta tashi ta shiga banɗaki ta yi ta amai har ba abin da ya rage.

Da aka sallame su, Zahra'u ta dawo gida a goye. Ƙafarta ta hagu ba ta ɗauka sosai, magana kuma sai kalma ɗaya-ɗaya. Nafisat ta shimfiɗa ta a ɗaki, ta fito tsakar gida. Sanda na zaune a kan turmi, Inna na tsinke zogale. Ga kuloli biyu cike da sabon kifi a inuwa.

"Ka sani," in ji Nafisat. "Isma'ila ya faɗa mini. Kana wurin."

Sanda bai musa ba. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Na ji sun faɗa. Amma mutanen gwamnati me ba sa faɗa? Sun ce kada a ci wannan, kada a sha wancan. Kakana a tafkin nan ya ci kifi har haƙoransa suka zube."

"Lokacin kakanka ana wanke zinare a ciki? In ba ka yarda ba, me ya sa ka daina ci?"

"Ni ne mai nema. In na kwanta wa zai riƙe gidan?"

"Ita da ba ta nema sai ta kwanta?"

"Nafi, ban yi zaton zai kai haka ba. Ɗan gutsure ne fa, ɗan gutsure."

"Kullum! Da rana a miya, da yamma a benci. Ka ɗora ta a cinyarka, ka hura mata don kada ya ƙona mata baki."

Inna ta ajiye tiren zogale. "Ke 'yar nan, rage murya. Mijinki ne. Cuta da magani duk na Allah ne. Abin da aka rubuta wa yarinyar nan ko ruwan zamzam kaɗai take sha sai ya same ta. Kuma ai an ce kwalli ne."

"Inna, ke ma kin sani?"

"Ni hawan jini ya hana ni maiƙo, kowa ya shaida."

Nafisat ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk gidan ita da 'yarta ne kawai ba su da cutar da ke hana cin kifi.

"Ba zan ƙara soyawa ba."

"To wannan da ke cikin kula fa?" Sanda ya miƙe. "In zubar? Arziki ake zubarwa? Maganin da aka rubuta mata da me za a saya? Da kukanki?"

"Ka nemi wata sana'ar."

"Wace? Ki nuna mini ita a Kadunan nan, gobe in fara."

Nafisat ba ta hura wuta ba ranar. Da mata suka taru a ƙofar gida da kwanoninsu, ta fita ta faɗa musu komai, ba ta rage ba. Ta ce duk wanda yaransa suka saba ci ya kai su a duba jini. Ta ɗauka za su gode. Safara'u ce ta fara magana.

"Ni na tambaye ki da bakina. A gabanki aka mai da ni maƙaryaciya. Fahad ɗina kullum sai ya ci kan kifin nan. Yanzu kike faɗa mana?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke kike wankewa, ke kike soyawa, gado ɗaya kuke kwana, ki ce ba ki sani ba?"

Wata ta tofar da yawu. Wata ta ce Allah ya isa. Daga ranar, in Nafisat ta fito ɗiban ruwa sai hira ta mutu. Sanda kuwa a masallaci ya riga ya ba da labari: kwalli ne ya taɓa yarinya, uwar kuma ciwon 'yar ya ɗan taɓa mata hankali, a yi mata uzuri. Maza suka tausaya masa, har liman ya yi masa addu'a.

Nafisat ta ɗauki Zahra'u ta tafi Kurmin Mashi wurin Baffanta, ƙanin mahaifinta, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda shi ya ba da aurenta. Ya saurare ta har ƙarshe yana jan carbi.

"Abin da ya yi bai kyauta ba, zan kira shi. Amma ke ma kin yi gaggawa. Mace ba ta tona asirin mijinta a bakin titi. In aka kama shi, wa gari ya waya? Yarinya mai lalura, wa zai riƙe miki ita? Ki koma ɗakinki, ki yi haƙuri."

"Baffa, kifin fa har yanzu ana kawowa."

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne."

Ta koma. Kaskon na nan kife a bayan ɗaki, amma kifi bai daina zuwa ba. Sanda ya samo rabin ganga da waya, yana bandar kifin a wani lungu na gidan shi da kansa. In ya bushe ya shirya a kwali, ya kai wa masu tebur a Unguwar Kanawa, inda ba wanda ya san labari. Ya ce musu na Baga ne. Hayaƙin na shigowa ta taga har inda Zahra'u ke kwance. Nafisat ta toshe tagar da tsumma.

Kwanakinta suka koma na jinya. Ta riƙe yarinyar ta hammata tana koya mata taku daga gado zuwa ƙofa. Ta nuna mata kofi ta ce, "Mene ne wannan?" Zahra'u ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi, sannan ta yi murmushi kawai. An mai da ita islamiyya, aka dawo da ita, malama ta ce yara na tsokanarta kuma ba ta iya zama.

A wata komawa asibiti, Nafisat ta ga jiri ta dafa bango. Likita ta sa aka duba ta ita ma. Ranar da sakamakon ya dawo, Nafisat ta fito daga ofishin likitar tana tafiya kamar mai taka ƙwai.

Ta iso gida da hantsi, ta tarar da Sanda a ƙofar gida yana ɗaure kwalaye a bayan babur da roba. Ta shigar da Zahra'u, ta fito ta tsaya a gabansa.

"Ciki gare ni."

Fuskarsa ta washe. "Alhamdulillahi! Kin gani ko? Allah ba ya hana bawa duka."

"An duba jinina. Ni ma dalmar tana nan. Likita ta ce abin da ke jikin uwa yana ratsawa ya kai ga ɗan, tun kafin ya zo duniya."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ya gushe. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan roba.

"Allah zai kiyaye. Ke dai kada ki ƙara ci. Ai yanzu mun sani."

"Su kuma waɗanda za ka kai wa?"

"Su ba su sani ba. Wanda bai sani ba Allah ke tsare shi."

"Ni na sani ne da nake ba Zahra'u?"

Ya ɗaure kwalin ƙarshe. Ya hau, ya buga babur. Nafisat ta kama ƙarfen baya da hannu biyu ta riƙe.

"Saki, mutane na kallo."

"Su kalla."

"Nafi, rana na yi. Ana jirana."

Ba ta saki ba. Ya sauko, ba zagi ba duka, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mai raba yaro da abin da zai ji masa ciwo. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Allah ya ba da kasuwa." Babur ya bi layi yana kauce wa kwata, kwalayen na rangaji a baya, har ya sha kwana.

Nafisat ta tsaya a tsakiyar layi. Ƙofofi a buɗe, mata a bakinsu suna kallonta daga nesa. Ta kai ƙara gida an ce ƙaddara, ta kai ga dangi an ce haƙuri, ta faɗa wa unguwa an ce ita ce mai laifi. Daga cikin ɗaki ta ji wani abu ya faɗi, sannan kukan Zahra'u, wadda ta yi ƙoƙarin tashi ita kaɗai. Ta juya ta koma ciki da sauri.

Kafin magariba kwalayen sun ƙare. A wani gida a Unguwar Kanawa, wata uwa ta jiƙa kifin da ruwan zafi, ta zauna a bakin murhu tana marmasa shi cikin tire. Ta ɗaga shi wajen haske tana tsince ƙaya a hankali, har 'yan ƙananan da ido ba ya gani sosai, don kada ko ɗaya ta cutar da ɗanta.